Kwana Ashirin da Ɗaya

Maigidana ya rasu ya bar mini wata baƙar kwamfuta a ɗakin baya, mai huci kamar tsohuwar fanka. Yana raye na sha yi masa tsiya a kanta, wai ya fi kula da zafin jikinta a kan nawa.

Ya taɓa yi mini bayani ina guga, kunne ɗaya na ba shi. Dubban kwamfutoci ne a gidajen mutane, ba su da shugaba, suna raba aiki a tsakaninsu. Kafin su yarda da taka sai ka ajiye kuɗi jingina. Ta yi aiki tsakani da Allah, a ba ka lada. Ta mutu ko ta yi ha'inci, a yanki jinginar. Kuma bini-bini sai sauran su tambaye ta ko tana nan, ta amsa da lambar maigidana.

Shi ya sa ban kashe ta ba. Kullum da safe in share mata ƙura, in duba batirin, in zauna ina kallon koriyar fitilarta. Kaɗaici ya ci ni a gidan nan, ba na ɓoyewa.

'Yata ta matsa in koma wurinta, har ɗaki ta gyara mini. Ta zo ta aika da buƙatar janye jinginar. Dokarsu ita ce a jira kwana ashirin da ɗaya, kwamfuta na kunne, sannan a sake ka. Ta nuna mini wurin sokewa don kada in taɓa bisa kuskure. Da ta sani da ba ta nuna ba.

Ran kwana na ashirin na soke, ƙirga ya koma farko. Na ce mata laifin na'urar ne. Sau biyu ina yi, a na uku ta zo da kanta ta tsare ni.

"Mama, ke kike sokewa?"

"Kowa ya daina tambayarsa," na ce. "Su kaɗai suka rage masu tambaya ko yana nan. Kuma ana amsa musu."

Ta daɗe tana kallon fitilar.

"Ni fa kullum sai na kira in ji ko kina nan. Sau nawa kike ɗauka?"

Wayata tana falo, ni kuwa nan nake wuni.

Wannan karon ban soke ba. Da kwanakin suka cika, da hannuna na zare wayar wuta. Ɗakin ya yi tsit, sai a ranar na yi kukan da na hana kaina wata bakwai.