Kwamfutar Malama

Ranar da labarin ya iso, wata tsohuwa tana shanya kaya a bayan ɗakinta. Babban ɗanta, wani makaniki, ya shigo hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya bai yi sallama ba. Mota ce ta kaɗe ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Malama, ta rasu.

Bayan masu gaisuwa sun watse, sai kwamfutar da ke ɗakin marigayiyar ta riƙa ƙara kullum da hantsi. Tsohuwar ba ta taɓa sanin aikin 'yarta ba. Ita dai tana jinta ta rufe ƙofa tana ta Turanci ita kaɗai kamar mai aljanu.

"Inna, a kashe abin nan a ba wani," in ji makanikin. "Yana tayar miki da hankali."

"Bari in ji mai kiran tukuna."

Ya danna mata. Sai ga fuskar wata mata sanye da farin kayan asibiti. Ta ce ita nas ce, tana rubuta kundin digiri da Turancin da ba ta iya sosai ba. Malama ce ke buɗe rubutunta, ta ja layi a ƙarƙashin kuskure, ta naɗi murya tana bayani. Su ɗaliban Malama da yawa ne, kuma darussan duk a cikin wannan kwamfutar suke. In aka kashe ta, shi ke nan.

"Muryarta na ciki?" in ji tsohuwar. "Sa min in ji."

Turanci ya yi ta zuba, jan layi yana tafiya da kansa a kan rubutun. Can sai muryar ta juye Hausa: "Haba 'yar'uwa, magana uku a jimla ɗaya? Wa ya biyo ki? Ajiye biyu, za mu dawo mu ɗauka."

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. "Ashe a nan ma faɗa take yi!"

"Inna, ke da ko baƙi ba ki sani ba, me za ki yi da ita?"

"Kai dai ja min wayar wuta zuwa ɗakina, ka kawo min ita."

Ya ja. Har yau, kowace safiya kafin ta ɗora ruwan zafi, takan je ta dafa bayan kwamfutar da tafin hannunta. In ta ji ɗumi, sai ta rage sautin rediyo, don ta ɗauka wani na ciki yana karatu.