Gizagon Gado

Ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinsa aka miƙa wa Jaji gizagon. A rumfar masassaƙa da ke bakin kasuwar Birnin Gwari aka yi abin. Baffansa Maliki, ƙanen marigayi Abarshi, shi ne babba a rumfar yanzu. Ya ɗago gizagon da hannu biyu, ya nuna wani gungume da yawan zama ya sa ya yi santsi.

"Ga kayan aikin ubanka, ga mazauninsa. Muddin wannan yana hannunka, wancan naka ne."

Jaji ya karɓa. Ya san dokar tun yana yaro. Sai mai gizago ke da wurin zama, shi ke bin 'yan rumfa zuwa daji bayan kaka a sare itacen shekara. Kuma ba a aron gizago. Ko wanda kuka fito ciki ɗaya ba zai ba ka nasa ba, don kowane ƙarfe ya riga ya ci ya bi hannun mai shi.

Ya zauna a kan gungumen, ya dube su. Mutum tara, gemu duk ɓawon itace, suna ta sara kamar kaji a kan juji. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, kujerar mata. Abin da kakanninsu suka yi, da ramukan sara iri ɗaya a jiki, wai su ado.

Shi ya ga duniya. Shekara biyu ya yi yana ɗaukar wa fatake kaya, har Lakwaja, inda jiragen Turawa ke tsayawa a bakin kogin Kwara. A can, wata rana suna jiran a ɗaure kaya, ya ga wani mutumin bakin teku yana aikin itace. A hannunsa akwai guntun itace mai kusurwa huɗu, tsawon tafin ƙafa, an soke ƙarfe a cikinsa a karkace. Mutumin ya tura shi a kan katako, sai siririn ɓawo ya fito ta sama yana nannaɗewa. Inda ya wuce, itacen ya kwanta kamar ruwa a randa. Jaji ya tsaya yana kallo daga hantsi zuwa azahar. Bai taɓa abin ba. Akwai wasu mutum biyu can gefe suna jan dogon ƙarfe mai haƙora a kan gungume, suna zufa, amma bai ɓata idonsa a kansu ba. Da wannan rabin yinin ya dawo gida, yana jin ya fi mutum tara.

Magogi ya sa wa abin suna, tun da bai ji yadda ake kiransa ba.

Jikin magogin ya fara yi. Ya saro ɗanyen itacen ƙirya, don ɗanye ake sassaƙa a garin nan, ya fitar da kusurwa huɗu da gizagon. Ya huda ramin tsakiya da ƙarfen da ya yi ja a wuta, yadda ake huda ƙota. Sannan ya tafi wurin Audi maƙeri, abokin mahaifinsa, da tsohuwar fartanya. Audi ya buga masa ruwan magogin, wato ƙarfen yankan, mai faɗin yatsa uku. Sau biyu aka tura shi a kan itace, bakin ya lanƙwashe.

"Ƙarfen noma ka kawo," in ji Audi. "Ƙasa ya sani. Ƙarfen da zai riƙe kaifin da kake faɗa, a garin nan sai takobi ko gizago."

Washegari Jaji ya dawo da abu a naɗe cikin tsumma. Audi ya buɗe, ya ga gizagon ne, ya daɗe yana kallo.

"Ka san na wane ne wannan, ɗan Abarshi?"

"Nawa ne."

"Ubana ya ƙera wa kakanka shi. Tamar dajin nan ce, kwana uku ana ninka ta. Ni kaina yau ba zan iya irinsa ba."

"Shi ya sa na kawo shi."

"Sai na sare masa wutsiya, na miƙe lanƙwasar, na rage kauri. In ya tafi ya tafi."

"Baba Audi, aiki na kawo maka."

Tsohon ya tofar da yawu gefe. "To. Ni maƙeri ne, ba ubanka ba. Zauna ka ja mini zugazugi, ka ga abin da idonka."

Jaji ya ja. Ya ga ƙarfen ya yi ja, ya ga wutsiyar da ke shiga ƙota ta faɗi cikin toka. Bai ji komai ba, ko ya ce wa kansa bai ji ba. Da la'asar ya fito da siririn ruwa mai sheƙi, ya aske gashin hannunsa da shi a kan hanya.

A gida ya tarar jikin magogin ya murɗe. Kwana uku kawai a inuwa, ɗanyen itacen ya bushe ta gefe ɗaya, ƙasan ya yi doro, ramin ya tsage. Ya jefa shi murhu. Busasshen itace yake bukata, wanda ya gama motsinsa tun da daɗewa. Ya zagaya gidan, ya ɗauki taɓarya.

Yayarsa Huraira, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarsu, ta same shi a bayan rumbu yana yanka ta da wuƙa.

"Kai, taɓaryata ce!"

"Ta tsage dama."

"Da tsagewar tata take ciyar da kai. Kai da kake lafiya lau me ka daka mana tun da ka dawo?"

"Yaya, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ina gizagon Baba? Me ya sa kake fama da wuƙa kamar mai fere rake?"

Ya ci gaba da yanka. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi siririn ƙarfen da ke kan tsumma, ta kama baki.

"Jaji. Ba dai shi ne wannan ba."

"Ki bar ni in yi aiki."

Aikin da gizago zai gama kafin a sauke tukunya, kwana shida ya ci. Busasshiyar ƙirya ba ta jin wuƙa. Ya yi ta ɓanɓara kaɗan-kaɗan har tafin hannunsa ya fashe. Ramin tsakiya wannan karon bai ƙona shi duka ba, don ya lura gawayi ba ya riƙe ƙarfe. Ya huda ƙaramin rami da wuta, ya ƙarasa da bakin wuƙa, yana auna karkatar ramin da ido da abin da ya tuna. Ƙasan kuwa ya kai shi falalen dutse a bakin rafi, ya zuba yashi da ruwa, ya yi ta gurzawa. Mata masu wanki suna tambayarsa ko niƙa ya koma. Ya feƙe ɗan itace mai tsini da zai danne ƙarfen, ya buga shi da dutse.

Turin farko a kan tsohon allonsa na yarinta, ƙarfen ya nutse ya ɓantaro. Ya buga bayan magogin, ƙarfen ya ja baya, ya daina taɓa itacen sam. Ya yi ta bugun gaba da baya har ya gane cewa abin da ake so bai fi kaurin gashi ba. Sai ga shi. Ɓawo ya fito ta sama, siriri, yana nannaɗewa, tsohuwar tawada a jikinsa. Ya sake turawa. Ya shafa allon da kuncinsa.

Rabonsa da rumfa kwana goma sha ɗaya. Ya koma ana gobe tafiya daji. Kowa yana wasa ƙarfensa a kan dutse. Gambo, babban ɗan Maliki, mai 'ya'ya uku da gizagonsa na kansa amma ba mazauni, don ba gungumen da ya rage a ciki, yana tsugune a rana a wajen rumfar inda ya saba.

"Ah, mutumin Lakwaja," in ji Maliki. "Mun ce ko jirgi ya zo ya ɗauke ka."

Jaji ya ajiye allon a tsakiyarsu. "Ku taɓa."

Suka taɓa. Wani tsoho ya ɗaga shi ya duba ta gefe da ido ɗaya, ya ce, "Wannan ba hannu ba ne." Jaji ya fito da magogin, ya ɗauki wani sabon allon aduwa da aka gama sara, ya tura sau goma. Ramukan sara suka ɓace. Ɓawo ya taru a ƙafarsa.

"Shekara nawa kuna tsattsagar itace," ya ce. "Ga yadda mutane ke aiki."

Maliki ya karɓi magogin, ya juya shi, ya shafa bakin da babban yatsa. "Ƙarfe mai kyau," ya ce. Ya mayar masa. Sannan ya tura masa akushi da ƙafa. "Goge mini cikin wannan."

Magogin bai shiga ba. Maliki ya miƙo ƙotar fartanya. Magogin ya hau doron ƙotar ya zame. Turmi kuwa ba wanda ya ma ce a gwada, sai dariya da ta fara daga bayan rumfa.

"Ba na wannan tarkacen ba ne," in ji Jaji. "Na katako ne. Ƙyauren ɗaki, akwati, abin da ba ku taɓa gani ba."

"Madalla. Muna son ƙyaure." Maliki ya waiwaya. "Gambo, mirgino masa maɗacin nan."

Gambo ya mirgino gungume mai kaurin ƙugun mutum, da ɓawonsa.

"Ga katako nan a ciki, ɗana. Fito mana da shi."

Jaji ya durƙusa. Ya san abin da zai faru, amma idanun mutum tara suna kansa, ya tura. Ramin ya cushe da ɓawo. Ya zare, ya sake turawa, magogin ya yi tsalle ya gurje masa yatsu. Gungumen yana nan yadda Allah ya yi shi.

"Sai an sare shi tukuna," ya ce, murya ƙasa.

"Da me?"

"Da gizago."

"To ɗauko naka mana. Muna jira."

Wani ya yi tari. Jaji ya dubi tsohon da ya yaba allon, tsohon ya jawo gizagonsa ya sa a ƙarƙashin cinya.

"Na gane ƙarfen tun da na shafa shi," in ji Maliki. "Shekara arba'in ina jin ƙararsa a gefen kunnena. Ka kai aka yanka don ka goge allo. Allo nawa ake saye a garin nan? Huɗu a wata in malamai sun yi baƙi." Ya ci gaba da wasa nasa ƙarfen. "Ba zan zage ka ba, ubanka bai daɗe a ƙasa ba. Gobe da hantsi za mu tashi. Ka zo da gizagon da zai fafe turmi, gungumen naka ne. In ba ka zo da shi ba, ga mutum can shekara bakwai yana cin rana."

Jaji ya nufi maƙera kai tsaye. Ya buge ɗan itacen, ya zare ƙarfen, ya ajiye a gaban Audi.

"Mai da shi."

Audi bai ko ajiye gudumarsa ba. "Mai da shi ina?"

"Yadda yake."

"Wutsiyar na yi wa wata mata allurar ɗinkin ƙwarya da ita. Wuta ta ci nata. Dutsen wasa ya ci nasa. Abin da ya rage, in na lanƙwasa shi, zai fafe maka cokali. Ƙaramin cokali."

"To ƙera mini sabo."

"Da wace tamar? Ba a hura rahoniyar narka tama sai bayan an dawo daji, ka sani. Ko in yi maka na ƙarfen fartanya, ka je ya lanƙwashe a gaban baffanka?" Ya jefa ƙarfen ya faɗi kusa da ƙafar Jaji. "Ɗauki kayanka. Wannan ma aiki ne mai kyau, ni na yi shi. Kai ne dai ba ka san abin da za ka yi da shi ba."

Da hantsi Jaji ya je rumfa, don kada a ce ya ɓuya. An ɗora wa jakuna buhunan gari da tabarmi. Maliki ya dubi hannunsa, ya ga magogi, ya kau da kai.

"Gambo, shiga ka zauna."

Gambo ya shiga inuwa, ya zauna a kan gungumen, ya miƙe ƙafafu, ya gyara zama sau biyu. Bai dubi Jaji ba. Aka yi fatiha.

"In mun dawo za a sari alluna," in ji Maliki yana ɗaure takalmi. "Kana iya tsugunawa can waje ka goge mana. Ka iya wannan, ba laifi."

"Allah ya kiyaye hanya, Baffa."

Suka tashi, jakuna a gaba, kowa da gizagonsa rataye a kafaɗa. Jaji ya tsaya a wajen rumfar har suka shige ƙofar gari. Wata Bagwariya ta sauke kayanta kusa da shi, ta nuna masa fartanyarta da ƙota ta karye, ta tambaye shi da guntuwar Hausarta ko shi masassaƙi ne.

"Sun tafi daji," ya ce. "Ki dawo bayan wata ɗaya."