Maiƙon da Bai Zauna Ba

Tun a bencin jira maigidan ya ja wa matarsa kunne: ido ya kawo su asibiti, kada ta sako wata magana. Direban bas ne, Allah ya jiƙansa, mutum mai tsare girmansa. Da magariba ta kawo jiki sai titi ya ɓace masa, shekaranjiya ma saura ƙiris ya bi ta kan mai keke, ga fasinja cike da mota. Shi a tunaninsa tabarau za a ba shi, ya koma bakin aiki da yamman nan kafin mai motar ya ji labari.

Ita kuwa ita ke wanke banɗaki. An daɗe bayan gidansa na fita fari-fari, yana yawo a kan ruwa, maiƙo na naso kamar an wanke tukunyar nama, sai ta yi ta sheƙa bokiti kafin ya tafi. Ga rama, wando ba ya zama a ƙugu. Ta yi ta tsame masa kitse tana ƙara masa mai a kwano, yara na kallo suna haɗiyar yawu, amma ko kumatu bai yi ba.

Likita ta haska idanunsa, ta ce dundumi ne. Ta tambayi cin abinci, ya ce ai har yara na ce masa injin niƙa. Ta tambayi bayan gida.

"Lafiya lau," in ji shi.

Likita ta ɗauki biro. Matar ta dubi makullin bas ɗin da yake juyawa a kan gwiwarsa. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, balle a kan abin da ko su biyu ba sa faɗa.

"Baban yara, ka yi haƙuri," ta ce. "Likita, ba lafiya lau ba ne."

Ta faɗi komai, har warin, idonta a ƙasa. Makullin ya daina motsi.

Likita ta ajiye biron. Ta ce maiƙo ba ya shiga jiki haka kawai, sai ruwan matsarmama ya farfasa shi kamar yadda sabulu ke yi wa kwano, wani ruwan kuma ya narkar da shi, sannan hanji ya tsotse. Bitamin A da ido ke gani da shi a duhu, cikin maiƙon yake shiga. In maiƙo ya wuce, tare suke wucewa. Tabarau ba zai yi komai ba. Za a ɗebi jini, a yi hoton ciki a ga abin da ya tare hanya. Tuƙi kuwa, a ajiye shi tukuna.

Aka gama ɗibar jinin. Ya yi gaba tana bin bayansa. Da suka zo matakalar fita rana ta faɗi, ba a kunna fitila ba. Ya tsaya cak, ƙafarsa na laluben gefen siminti.

"Kin gama tona ni?" ya ce, bai juyo ba.

"Na gama."

Ya miƙo mata makullin, ya ce ta aika wa mai motar. Sannan ya miƙo mata hannu don ta ja shi.