Shatin Hannu a Goshin 'Yar Tirela

Shekara tara Sirgak yana cin kunnen rago. Duk bazara in dangin matarsa suka taru a makiyayar bakin tafkin Son-Kul, aka dire kan rago gaban surukinsa Toktosun, tsohon nan zai ɗauki wuƙa ya raba wa manya nasu, sannan ya yanko kunne, wanda yara ake ba don su riƙa jin magana, ya miƙo wa Sirgak. Mutum mai shekara arba'in da biyu fa, malamin lissafi a birnin Bishkek, har da furfura a gefen kai. Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Shi Toktosun shekara talatin da takwas ya yi yana jan babbar mota a kan duwatsu, sai da idonsa ya fara hazo ya ajiye. A wurinsa mutanen duniya kashi biyu ne, direbobi da fasinjoji, kuma ba sai an faɗa maka inda ya saka mijin 'yarsa ba. Ko sunansa bai taɓa kira ba, sai dai "Malam".

To bana Sirgak ya shirya. Ya samo 'yar tirela ta kwana a daji, ɗaki guda mai taya biyu, da gado da murhun gas da taga mai labule, ya maƙala ta a bayan jif ɗinsa. Ya gaya wa kowa don ciwon bayan Baba ya yi haka, tunda kwanan ƙasa ya fara gagarar tsoho. Matarsa Kanishay ta san don kunne ya yi.

Matsala ɗaya ce: bai iya ribas da ita ba. Lahadi uku ya yi a filin makaranta yana gwadawa. Ya murza dama, ta yi hagu. Ya murza hagu, ta lanƙwaso ta sumbaci fitilar motar har ta fashe. Ya zauna ya zana abin a takarda da kusurwoyi da kibiyoyi, lissafi ya fita tsaf, tirela ta ce ba ta san zance ba. Kanishay ta ce ya tambayi Baba mana, mutumin da ya tsufa a sitiyari. Sirgak ya ce gara ya ci kunne har ya mutu. Dabarar da ya tsaya a kai ita ce, ba zai taɓa shiga inda sai an yi baya ba, in kuma ta kama dole, ya kwance ta daga ƙugiya ya juya ta da hannu, ai ba nauyi gare ta ba.

Da safe Toktosun ya yi addu'ar tafiya, aka shafa, aka kama hanya. Har garin Kochkor lafiya lau. Nan suka tsaya shan shayi, sai ga wata bas ta zo ta toshe gabansu, direban ya kulle ya yi tafiyarsa. Sirgak ya tura matarsa da surukinsa ciki, ya ce zai duba iskar taya. Suna ɓacewa ya kwance tirela ya sa hannu biyu a goshinta. Ashe ya manta da buhun dankali biyu, da kankana shida, da kwalaben kayan lambun da Kanishay ta tsima. Ya tura, ya yi nishi, ya zame, ya tashi, har dai ta juyu. Ya juya motar ya sake maƙalawa, ya shiga ya sha shayinsa yana haki, wai rana ce.

Da suka fito, Toktosun ya tsaya gaban tirelar, ya kawo fuska kusa kamar mai karanta sanarwa. Ƙurar hanya ta rufe ta ruf, ga shatin tafin hannu nan raɗau, ya fi goma, har da na kafaɗa. Tsoho ya shiga mota.

Sun fara hawan dutse ke nan Toktosun ya ce akwai yanke, a bi dama. Sirgak ya so ya yi gardama, amma wa zai koya wa Toktosun hanya? Suka shiga wata 'yar turba, dutse a hagu, kwazazzabo a dama, tana gangarawa tana ƙara tsukewa. Bayan kamar rabin kilomita ta ƙare a bakin kogi. Gada kam babu, sai turaku biyu a tsaye cikin ruwa.

"Af," in ji Toktosun. "Ashe ruwa ya cinye gadar."

Sirgak ya dubi madubi, ya ga Kanishay a baya ta cusa bakin ɗankwali a baki, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta gaya masa tun tana firamare gadar nan ta tafi. Amma ko a lokacin ya gane an yi masa tarko, kuma ya shiga da ƙafarsa.

Duk da haka bai ba da kai ba. Ya gyara murya ya ce ai Baba ya riga ya yi addu'ar tafiya, kuma kowa ya san ba kyau matafiyi ya koma da baya.

"Gaskiyarka, Malam," tsoho ya ce, ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon kogi. "Mu yi gaba."

Kwance ta ba zai yiwu ba. A wannan gangare, da ya zare ƙugiya za ta kwashe shi da dankali da kankana su tafi wanka. Ya sa giyar ribas, ya taka a hankali, ya murza sitiyari yadda takarda ta ce. Bayan tirela ya nufi kwazazzabo kai tsaye. Ya danna birki, tsakuwa ta zubo ƙasa tana ƙara. Dariyar Kanishay ta ɗauke. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba," ya ce, idonsa a kan sitiyari, "ban iya ba. Ka koya mini."

Wallahi kamar an zare wa tsohon nan shekara ashirin. Ya cire hula ya miƙa wa 'yarsa, ya kamo hannun Sirgak ya sauke shi daga saman sitiyari zuwa ƙasansa. Ya ce nan zai riƙe, inda yake son bayan tirela ya je can zai kai hannun, kuma kaɗan-kaɗan, ba tuƙa tuwo yake ba. Sannan ya fita. Da yake idonsa ba ya kai nesa, sai ya dafa gefen tirelar yana tafiya tare da ita, yana jin motsinta a tafin hannunsa, yana ba da umarni.

An kusa awa guda. Sau bakwai ana yin gaba a miƙe a sake. Sirgak ya sha zagin da ko ɗalibansa bai taɓa yi wa irinsa ba: an ce hannunsa na alli ne, an ce akuya ma da ta gane, an tambaye shi ko a kasuwa ya sayi lasisi. A wata kwana mai wuya tsoho ya daki jikin tirelar ya daka tsawa:

"Hagu, Sirgak! Hagu na ce!"

Sirgak ya ji sunansa a bakin nan, saura ƙiris ya taka totur a maimakon birki. Ya kai hannu hagu, tirela ta bi kamar tunkiyar gida. Daga nan har babbar hanya ba a sake tsayawa ba.

La'asar sakaliya suka isa. Makiyaya da dangi suka taso daga tantuna don ganin ɗakin da ke bin mota. Sai a lokacin Sirgak ya tuna da shatin hannu, ga shi cikin mutanen nan babu wanda ba zai karanta shi ba. Amma Toktosun ya riga kowa fita, shi da ake kamawa a sauke. A madubi Sirgak ya gan shi ya jingina da goshin tirelar kamar mai hutar da baya, yana gaisawa da mutane, yana goga hannun rigarsa sama da ƙasa har wurin ya yi fes. Sannan ya shaida wa jama'a cewa mijin 'yarsa ya yi ribas na rabin kilomita a bakin kwazazzabo. Sau bakwai ɗin nan bai ambata ba.

Aka kawo kan rago. Toktosun ya raba wa manya, ya yanko kunne, ya miƙo. Sirgak ya ji ransa ya sosu, ya ce a hankali, "Baba, har yau?"

"Shekara tara ina ba ka, sai yau ya fara aiki," in ji tsoho. "Kuma ka ce in daina?"

Tanti ya kaure da dariya. Sirgak ya sa hannu biyu zai karɓa, sai ya ga hannun rigar da ke miƙo masa. Rigar fita kunya ce, baƙa, wadda Toktosun ba ya yarda ko jikokinsa su taɓa, ga ta nan fara fat da ƙura daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya karɓi kunnen ya cinye shi tas, har da guringuntsi.