Gadon Kawu Abel Ya Bar Bango

"Kama ta can, Goggo, mu tura," in ji Lorna.

Momi, maƙwabciyarsu, ta kama ƙafar gadon suka kai shi bakin taga, Kawu Abel na kwance a kai. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, sai ido. Idon kuwa na kan bangon da ake raba shi da shi.

"Ga iska, ga tashar jiragen ruwan Pearl Harbor gaba ɗaya. Baba, ka ga tasharku?"

Shekaranjiya 'yar tasa Lorna ta sauka daga Kalifoniya, kuma tun da ta ajiye jaka take gyare-gyare. Momi ta ƙyale ta. Uban wata ne, ba nata ba.

Bangon nan shi ya raba gidan Momi da nasa. Abel yana saurayi mai walda a tashar nan ranar da aka yi wa jiragen ruwan yaƙi ruwan bama-bamai. Wani ƙaton jirgi ya zauna a laka da mutane a cikinsa. Kwana da kwanaki suna buga ƙarfe daga ciki, ba hanyar isa gare su. Shugaban aikinsu ya hana a amsa, wai kada a sa musu rai. Daga baya aka ɗago jirgin, aka gyara shi, ya koma yaƙi. Abel ne bai gyaru ba.

Da matarsa ta rasu ya ce wa Momi, "In na buga bango, ki amsa. Ko kina banɗaki."

"Ji tsohon banza. Ni 'yar aikinka ce?"

Amma kullum safiya sai ya buga, ita kuma ta amsa da ludayi.

Washegarin matsar da gadon, bango shiru. Momi ta ɗora shinkafa, ta tsaya tana saurare. Can ta ji wani ƙis-ƙis nesa-nesa, cokali ne a jikin ƙarfen gado. Ta buga bango da ƙarfi. Ya buga. Ta sake.

Lorna ta leƙo ta ƙofar baya. "Haba Goggo, mara lafiya ne fa a ciki. Bugun me kike yi?"

"Ba da ke nake ba, 'yar nan. Koma wurin ubanki."

Bugun cokalin ya yi ta ja da baya, ita kuwa ba ta bar ko ɗaya ya wuce ba amsa ba. Sai ya ɗauke. Ta buga, ta jira. Ta sake bugawa.

Lorna ta dawo ba takalmi. "Ya tafi, Goggo."

"To," in ji Momi. Ba ta ji komai ba, sai nauyin hannunta. Ta kashe wuta, shinkafar ta riga ta kama.

Ta tuɓe silifa a ƙofarsu ta shiga. Ya juya wa tagar ƙeya, cokalin na hannunsa mai lafiya. Inda gadon yake a da, fentin bangon ya goge daidai faɗin dunƙulen hannu.