Shirun 'Yar Ruwa Biyu

Jiya Laraba da rana tsaka, ana irin zafin nan mai ɗauke da hadarin da ya ƙi saukowa, na yi wani mafarki a ƙarƙashin motar Yaya Ramlatu.

Motar 'yar ruwa biyu ce, tana shan fetur, tana kuma tafiya da batir. Da lokacin sabis ɗinta ya yi, Yaya ta ba ni makulli ta ce in kai ta kamfaninsu a Kaduna. Ta ce idan na dawo da ita Funtuwa lafiya, ni zan riƙa tuƙa ta ina kai mata kayan turaren wuta garuruwa. Ta kuma tuna mini cewa tun da na bar makaranta a aji biyu na taɓa aski, na taɓa cajin waya, na taɓa tallan gwanjo, babu wanda ya ga damina biyu a hannuna, saboda haka wannan ne taimakonta na ƙarshe.

Ni kuwa da na ji abin da kamfani zai karɓa, sai na ga zalunci ne. Juyen baƙin mai ne fa kawai. Na kalli bidiyo a waya, na ga noti ɗaya ake kwancewa. Na sayi baƙin mai da filta, na ari jak da sifana, na kai ta gindin dogon yaro a bayan layinmu. Da na tsaya na ji ta yi tsit, sai na fito na shiga ƙarƙashinta, na kwance notin, na tara baho. Ina kallon man yana zuba siriri barci ya ɗauke ni.

Sai ga ni a hanyar Kaduna, na goya motar a baya da zanin Yaya. Ba ta da nauyi sosai, sai dai madubinta yana sukar haƙarƙarina. Duk wanda na wuce goye yake da tasa. Wani dattijo mai tirela ya ce mini yaran yanzu ba su san wahala ba.

Kamfanin gidan gilashi ne mai sanyi. Zabi ne ma'aikata, kowace da farar riga. Suka karɓi motar da girmamawa, suka zaunar da ita a kujera, suka kawo mata shayi. Ni kuma suka ɗora ni a kan ƙarfen ɗaga mota, suka yi sama da ni, suna leƙen tafin ƙafata da tocila.

Manaja ya fito, wani talotalo mai tabarau. Ya yi mini sannu, wata zabuwa ta ce an sa a lissafi. Na tambaya ko sannu ma kuɗi ce, ya ce ta farko kyauta ce, amma mai gadi ya riga ya yi mini ita a ƙofa.

Aka kawo kwamfuta. Da aka buɗe ta sai wata tsohuwa ta fito, ta kara kunne a jikin motar, ta daɗe, sannan ta koma ciki ta rufe kanta. Talotalo ya girgiza kai, ya ce baƙin mai ba shi ne matsala ba. Shirun motar ne ya tsufa, sai an juye shi an zuba sabo, kuma daga waje ake kawo shi a galan.

Na tambayi farashi. Ya ce ba sa karɓar kuɗi, kuɗi na masu faci ne. Zan bar musu inuwata, da duk Juma'o'ina na bana.

"Ranka ya daɗe, a rage mini."

"An rage. Ka ƙara da hancinka."

Na sake neman ragi, ya ƙara da sunan kakana. Sai na gane a nan ragi sama yake yi. Na ce albarka, kamar ni ne mai kaya, na diro, na saɓa motata. Bai hana ni ba. Ya dai ce duk wanda ya taɓa ta da hannunsa, in ta lalace, su ba su taɓa ganin sa ba, kuma rashin ganin ma akwai kuɗinsa.

Sai ga ni a kasuwar 'yan shiru. Ban taɓa shiga wuri mai hayaniya irin wannan ba. Kowa yana tallar nasa da lasifika. Akwai shirun maƙabarta, ɗan Kwatano, an ɗan yi amfani da shi. Akwai shirun ango a gaban surukai, wanda aka ce yana da kyau amma ba ya jure zafi. Wani mai rumfa, Malam Tanimu, ya buɗe mini kwalba in saurara. Ban ji komai ba, ya ce to ka ji inganci.

Da ya ga ina lalube a aljihu, sai ya ce me ya sa zan sayi abin da nake da shi a gida. Ya tambaye ni nawa ne bakwai sau takwas. Na yi tsit, irin tsit ɗin da nake yi wa malamin lissafi. Nan take ya tara galan a kunnena, ya cika shi taf. Ya ce wannan ɗan gida ne, ba a gauraya shi da komai ba, kuma ina da wanda zai ishi motar haya.

Sai ga ni a gindin dogon yaro, saiwarsa a sama, ganyensa a ƙasa. Na buɗe bonet. Wayoyin nan masu ruwan lemo, waɗanda mai bidiyo ya ce kada a taɓa, suka ɗago kai suka gaishe ni, ɗaya ta miƙo hannu mu gaisa. Na ce ina da alwala. Na kwance noti, baƙin mai ya fito ya miƙe sama kamar igiya, ya je ya haɗu da hadarin, hadarin ya ƙara baƙi. Na ɗura mata shiruna. Yana gama shiga motar ta fara magana.

Muryarta irin ta Yaya ce in tana ƙirga kwalabe. Ta ba ni labarin gidansu. Uwarta 'yar lantarki ce, mace mai kawaici, danginta ba su cika zuwa unguwa ba. Ubanta kuwa ɗan fetur ne, mai faɗa, yana kwance a cikin inji. In uwar ta gaji, taɓa shi kawai take yi ya tashi, ba ya neman izinin kowa, kuma abin da yake fara lalubawa shi ne baƙin mansa.

"Lurwanu, ka kashe ni kafin ka shiga ƙarƙashina?"

"Ai na ji kin yi shiru."

"Yayarka in ta yi shiru, a kashe take?"

Na ce a'a, lokacin ne ma ake neman ƙofa. Ta ce to. Sannan ta ce uwarta ta fara hamma, ina man Baba. Na nuna mata sama. Muka tsaya ni da ita muna kallon hadarin. A cikin bonet wani dattijo ya yi gyaran murya, ya yi tari, ya sake tari.

Tarin ne ya tashe ni. Inji ne ya tayar da kansa a saman fuskata, babu ɗigon mai a cikinsa, yana ƙara kamar ana soya tsakuwa. Na miƙe, goshina ya gaisa da ƙarfe. Na shuri baho, na fito da rarrafe, na faɗa cikin motar na danna maɓallin kashewa da ya kamata in danna tun kafin azahar.

Yau da safe motar ta tafi Kaduna a goye, a bayan babbar mota. Yaya ta tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Ba ta ce mini komai ba, ni kuma ban ɗauka a kashe take ba.

Abin da aka rasa: galan ɗaya na baƙin mai, wanda bahon ya tunkuɗe. Wayata, da ta kwana a cikin tsohon man. Sifanar aro. Fatar goshi kamar faɗin kwabo. Wani abu a cikin inji da kamfani ya ce sai an buɗe za a san sunansa. Da aikin direba guda ɗaya, sabo, ko sau ɗaya ba a hau shi ba.