Ɗalibar da Ta Fi Ni

Shekara goma sha tara ina koyar da yoga a saman benenmu a Pune, sai ga Ketaki, wadda ni na koya mata tun daga yadda ake zama, ta buɗe nata ajin a tsallaken titi. Kullum da safe takalma jibge suke a ƙofarta, ni kuwa mutum shida suka rage min. Da bakina nake karantar da su wadatar zuci da faɗin gaskiya, amma da na jiyo dariyarta sai hassada ta kama ni.

Wata rana a wurin mai kayan miya, maƙwabciyata Vasudha ta dogaro sandarta ta riƙo hannuna.

"Malama Sulabha, ƙugun nan ya hana ni sakat. Wajenki zan zo ko wajen yarinyar can? Kar ki ɓoye min."

Na san Ketaki ta yi shekara biyu tana karatu a kan ciwon ƙugu. Na kuma san in na ɗan taɓe baki, shi ke nan, wajena za ta zo. Na daɗe ina jujjuya tumatir ɗaya a hannu.

"Je ki wajenta, Yaya. A wannan fannin ta fi ni."

Ta yi dariya. "To saki fuskar mana, kamar an ɗura miki maɗaci."

Bayan wata guda muka haɗu, tana tafe ba sanda, tana ta yabon hannun Ketaki. Na taya ta murna, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.